Ranar da Na Rushe Tsafin Turawa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kusa salwantar da surukina a kan dutse ba, saboda kalmomi uku kacal da suka gagari bakina: ban sani ba.

Baba, mahaifin matata Rabi, ya zo mana Greensboro ta Amurka daga Maraɗi don a duba masa ciwon suga. Wata guda yana zaune a gidanmu na unguwar Glenwood, ba inda yake zuwa sai asibiti da masallaci da shagon kayan miya na titin Gate City. Rannan na ce bari in kai shi ya ga duwatsu, tafiyar awa biyu ce a mota. Rabi ta yi masa allurarsa ta safe, ta zuba mana dambu a kula, sannan ta tsare ni a bakin ƙofa.

"Abban Amira, ƙarfe ɗaya ya ci abinci. Ba ɗaya da rabi ba. Kuma ka dawo min da ubana yadda na ba ka shi."

"Haba Hajiya," na ce, "ni da na keta Sahara a bayan babbar mota?"

(Na keta ɗin, amma barci na yi kusan duk hanyar.)

Da muka isa na duba kular nan na ga nauyi, na ce hawan ai bai fi minti arba'in ba, ma dawo mu ci a mota. Wannan shi ne kuskure na farko, kuma shi ne ƙarami.

Hanyar ta bi ta cikin daji, sannan ta fito kan wani falalen dutse mai faɗi kamar filin Idi uku, ba itace ba ciyawa, gefensa kuma rami ne da ba a ganin ƙasansa. Nan Baba ya ja ya tsaya. A gabanmu an jera duwatsu, wani kan wani, tsayin gwiwa. Can gaba ga wani tarin, ga wani kuma.

"Malam, wannan fa? Kai da ka zaga duniya."

To, jama'a, shekara ashirin ina ba mutumin nan labarin Jidda da Santambul da Abijan. A wurinsa ni ne ƙamus. Ta yaya zan dubi surukina in ce tarin duwatsu ya fi ƙarfin ilimina? Sai na gyara murya.

"Tsafi ne, Baba. Turawa ma suna yi, ɓoyewa kawai suke."

"A'uzu billahi!" Ya ja da baya, ya tattare rigarsa.

Da na tsaya nan da sauƙi. Amma ganin ya tsorata sai jarumta ta motsa min. Na ce, "Kada ku damu, Baba." Na yi bisimilla na kai wa tarin shuri, ya watse. Baba ya zaro wayar da na saya masa, ya fara ɗaukar bidiyo.

"Ƙara, Malam! Ga wani can! Allah ya yi maka albarka!"

Tara na rushe, ɗaya bayan ɗaya, har muka kai ƙololuwa. Ban ko tambayi kaina me ya sa tsafin yake bin hanyarmu tiryan-tiryan ba.

Muna sama muna hoto sai gajimare ya sauko. Ba ruwa ba ne, wani farin abu ne kamar an kifa mana ƙwaryar kunu. Cikin minti biyar ko taku goma ba ma iya gani. Na juya don mu koma, dutse iri ɗaya ta ko'ina. Na duba waya, ba sabis. Na duba agogo, ɗaya da kwata.

"Ta nan ne, Baba," na ce, na kama hannunsa. Muka yi tafiya kaɗan, sai na ji dutsen yana karkata ƙarƙashin takalmina, iska tana busowa daga ƙasa. Na tura wata tsakuwa da ƙafa. Ta gangara, na yi ta saurare, ban ji inda ta faɗa ba. Muka ja da baya da zaune, kamar masu koyon rarrafe.

Biyu saura kwata sugan Baba ya fara sauka. Cikin sanyin nan gumi yake yi. Na lalube aljihuna kaf: makullin mota, carbi, asuwaki. Ko alawa ɗaya babu. Dambun Rabi yana can yana hutawa a but ɗin mota.

"Malam," ya ce a hankali, "ka san hanyar kuwa?"

"Na sani, Baba."

Ku ji fa. Mutum yana neman suma a hannuna, ni kuma ina tsaron mutunci.

Ya zauna, ya fara kiran sunan matarsa da ta rasu shekara shida. Nan na manta da Sahara da Santambul, na buɗe baki na yi ta kururuwar neman taimako da Turanci da Hausa, har da ɗan Faransancin da na tsinta a gidan surukai.

Sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar dutse a kan dutse. Wata tsohuwar Baturiya ta ɓullo, ƙarama, da sanda da jaka, ta haura saba'in. Kallo ɗaya ta yi wa Baba ta ce, "Suga?" Ta zaro lemon kwali da zabibi. Minti goma idon Baba ya dawo daidai, ni kuma raina ya dawo jikina.

Ta ce ita 'yar sa-kai ce, shekara da shekaru tana kula da hanyar nan. "Da kun bi tarin duwatsun da kun sauka lafiya, don ranar gajimare irin ta yau muke jera su. Amma yau wani sakarai ya bi ya rushe su duka. Tara! Mutum zai iya mutuwa a nan saboda shi."

"Kai, mutane ba su da kirki," na ce.

"Me ta ce?" in ji Baba.

"Ta ce... gajimaren zai wuce."

Ta sa mu a gaba, a'a, ta sa mu a baya, tana gano wurin kowane tari tana sake jera shi. Ta ce in riƙa miƙo mata manyan. Haka na bi ɓarnata ɗaya bayan ɗaya ina kwasa, ina ɓoye takalmina da ya yi fari a baki. Baba yana kallonmu. A tari na huɗu ya matso kunnena.

"Ashe ita ce mai tsafin."

"Baba, mu dai sauka."

Mun sauka. A wurin ajiye motoci Baba ya ci dambu, ya sa aka zuba wa matar ita ma. Na ɗauka na tsira. Sai ya goge hannu ya ce:

"Bon. Malam, faɗa mata, mace mai kirki irin ta bai kamata ta dogara da duwatsu ba. Ba sa amfani ba sa cutarwa. Ga shaida."

Kafin in miƙa hannu ya danna wayar ya sa mata a fuska. Ga ni nan ɓaro-ɓaro, da hulata da tumbina, ina ɗaukar gudu ina shuri kamar ɗan ƙwallo, muryar Baba tana sa min albarka.

Ta kalla har ƙarshe. Ta dubi takalmina. Ta dube ni. Wallahi da ramin nan yana kusa da na koma na duba zurfinsa da kaina. Ba ta yi faɗa ba, cokalin dambu ma ta ƙara. Sannan ta ce, "Asabar mai zuwa, ƙarfe takwas. Ka zo da safar hannu."

A mota na faɗa wa Baba gaskiya duka, kaina a sitiyari. Sai ya ce, "Malam, da ka ce min ba ka sani ba, ai da mun zama mu biyu." Na roƙe shi kada Rabi ta ji. Ya ce shi ba zai faɗa ba, amma tun da sabis ya dawo bidiyon ya tafi gurup ɗin iyali.

Asabar uku na yi ina dakon duwatsu a bayan tsohuwar nan. Baba kuwa ya koma Maraɗi yana ba da labarin surukinsa na Amurka ya shiga koyon aiki wurin bokanya. Yanzu ko lokaci aka tambaye ni, sai na fara cewa ban sani ba, sannan in duba agogo.