Kason Nanuk

Wata ranar Talata da hantsi, makon da teku ya daskare, wani mutum a Iglulik, can ƙasar ƙanƙara a ƙarshen arewacin duniya, ya ɗauki mashinsa zai fita farauta. Siriri ne kamar mashin nasa. Matarsa Ulayu ta bi shi har bakin ƙofa ta ce uwarta na zuwa jibi, kuma tsohuwar ba ta cin nama sai da kitse. In bai dawo da natsik ba, ya nemi wurin kwana cikin karnuka.

Shi natsik, dabbar teku mai yawan kitse, yana ƙarƙashin ƙanƙara, sai dai ya leƙo ta rami ya sha iska. Ramukansa da yawa, don haka mafarauta kan rarrabu, kowa ya tsaya kan ɗaya shiru. Wanda ya kama sai ya raba da kowa. To, mutumin namu ba ya iya shiru. In bai yi tari ba zai yi waƙa, in bai yi waƙa ba zai tambayi na kusa da shi ko ya ga wani abu. Shi ya sa aka daina fita da shi.

Ya yi ta tafiya shi kaɗai har ya hango wani ya riga shi wani rami, yana kwance rub-da-ciki cikin farar riga, ko motsi ba ya yi. Da ya matsa sai ya ga ashe nanuk ne, farin beyar, ƙaton naman daji da ke farautar natsik a kan ƙanƙara. Ƙanƙara ta makara bana, dabbar ta yi watanni a tudu ba ci, har haƙarƙarinta ya fito.

Mai hankali da ya juya. Namu kuwa ya ce a ransa, ga mafarauci an samu wanda bai san halinsa ba. Ya laluba ya sami wani ramin can gefe, ya tsaya.

"Sannu da aiki, yaya," ya ce. "Ka riƙe wancan, ni na riƙe wannan."

Nanuk ya ci gaba da kallon raminsa. Mutumin ya ji daɗi, don wannan ne karo na farko da ba a ce masa ya rufe baki ba. Ya ba shi labarin surukarsa tun daga farko. Ya buga ƙafa saboda sanyi, ya yi atishawa, ya rera waƙa biyu. Natsik da ke ƙasa ya ji wannan hayaniya, ya gudu ramin da babu motsi. Yana fito da hanci nanuk ya mangare shi ya fizgo shi waje.

"Mun kama!" in ji mutumin.

Ya zaro wuƙa ya nufi wurin. Nanuk ya ɗago kai ya yi gurnani har ƙanƙara ta amsa. Mutumin ya tsaya cak, ya ce babba shi ke fara ɗiba, ai ya san ladabi. Yana kallo nanuk ya yaye fata, ya bi kitsen nan kaf ya lashe, ya bar jan nama zalla.

"Haba yaya, ko ɗan tafin hannu ka rage. Surukata ce fa."

Nanuk ya taso a hankali ya zo gabansa. Ya shinshina shi daga takalmi har hula, ya zagaya baya ya sake shinshinawa. Sai ya yi tsaki irin nasu ya yi tafiyarsa.

Mutumin ya jawo naman har gida yana taƙama. Ulayu ta juya naman ta sake juyawa, ta tambaye shi ina kitsen. Ya ce abokin farautarsa ya ɗauki kasonsa, ita ma ta san al'ada. Ta tambayi wane mara sa'a ne ya yarda ya fita da shi. Da ya faɗa mata sai ta nemi wuri ta zauna.

"Nanuk? Ka tsaya gaban nanuk mai yunwa?"

"Har shinshina ni ya yi, sau biyu. Bai taɓa ni ba. Ke ce kawai ba ki san darajata ba, shi ya gane babban mafarauci."

Ulayu ta dube shi daga takalmi har hula.

"Kitse yake nema, maigida. Ni ma tun da na aure ka nake dubawa."