Dawar da Na Dafa a Ɗaki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Alhaji ya kawo mini ziyarar bazata ba. Alhaji shi ne mahaifin yarinyar da nake nema, dillalin hatsi ne a kasuwar Gadarif.

Lokacin na gama jami'a, ina gwaji a kan wani fili kusa da garin Doka inda aka daɗe ana jibge tsohon maganin ƙwari mai sinadarin kulorin, har ciyawa ta daina fitowa. Akwai wata fumfuna ta cikin ƙasa da ke iya narkar da irin wannan guba (ko dai in ce ana kyautata zaton haka). Kafin a zuba ta a fili sai an raine ta, abincinta kuwa dafaffiyar dawa ce. Saboda haka na cika ɗakina da kwalabe, na rufe taga, wani tsami-tsami yana tashi.

Ban san maƙwabta sun kai wa Alhaji magana ba. A garinmu, saurayin da ke dafa dawa yana ɓoyewa a duhu, marisa kawai ake zargi, wato giyar dawa.

Alhaji ya shigo, ya shaƙi iska, ya dubi kwalaben.

"Ya waladi, ɗana, tambaya ɗaya zan yi maka. Akwai abin maye a nan?"

Amsar ita ce a'a. Amma malamanmu sun hana mu yanke hukunci ba tare da awo ba. Sai na ji bakina yana cewa, "To, Baba, galibi babu. Sai dai idan wata kwalba ta gurɓace, ba zan iya rantsuwa ba."

"Ba za ka iya rantsuwa ba?"

"Wataƙila ɗan kaɗan. Ban auna ba tukuna."

Ya sa takalmi ya fita. (Na bi shi har titi ina bayanin kulorin, abin ya ƙara lalacewa.)

Sai da ƙanin mahaifina ya ɗauke shi a mota har Doka, ya ga ƙasar da ta mutu da buhunan fumfuna a kai, sannan ya sauko. Gubar dai har yanzu ina aunawa.

Ranar ɗaurin aure, liman ya tambayi wakilina ko mun karɓa. Alhaji ya juyo ya dube ni ya ce, "Ko sai an auna?" Masallaci ya kwashe da dariya.

Tun daga nan nake barin "wataƙila" a ɗakin gwaji. Galibi dai.