Talatar da Ruwa Bai Zo Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranin da na kashe wa Malam Sale tumatirinsa ina zaune a ɗakina, ko gonar ban taka ba.

Lokacin ban daɗe da dawowa gida Bunkure ba, bayan shekaru ina aiki a Sudan da Jidda da Abidjan. Na dawo da Larabci da Faransanci da Turanci, da wata kwamfutar tebur da na saya ta hannu, mai allo kamar tukunyar biki. Manoman rani na ɓangarenmu suka naɗa ni sakataren ƙungiya (ba don na san noma ba, don ni kaɗai ke da abin buga takarda). Aikina shi ne fitar da jadawalin ban ruwa: ranar da za a buɗe wa kowane layin gonaki ƙofar kanal, wato magudanar ruwa.

Kwamfutar ta tsufa, kuma ba ta ɓoye mini ba. Kafin ta tashi sai na sha shayi kofi biyu, tana nishi kamar mai ciwon ƙirji. Kullum na kunna ta sai ta rubuto gargaɗi da Turanci a kan agogonta, ni kuma in danna maɓalli in wuce. 'Yata Hadiza, wadda ke koyarwa a Kura, ta ce, "Baba, wallahi abar nan ta gama aiki. Ko ka sauya, ko a kai ta Kano a duba."

Na ce, "A Abidjan na ga ofisoshi suna zubar da irinta da sauran ƙarfinta. Almubazzaranci ne. Muddin tana kunnuwa, tana aiki."

Abin da ban sani ba, akwai wani ɗan batir a cikinta mai riƙe kwanan wata, kuma ya mutu. Duk sanda aka ɗauke wuta sai ta koma shekarar da aka ƙera ta. Na buɗe kalandarta, na nemo watan da muke ciki, ban dubi shekara ba. Na rubuta wa layin ƙarshe: Talata, sha biyu ga wata. Alhali a shekarar da muke, sha biyu Asabar ce.

To, manomi da sunan rana yake aiki. Ɗanlami kuwa, mai buɗe ƙofar ruwa, ma'aikacin gwamnati ne, lamba yake kwafa cikin littafinsa. Takarda ɗaya, kowa ya ɗauki rabinsa.

Malam Sale, wanda gonarsa ke can ƙarshen layi kuma ba shi da injin ban ruwa, ya tuge irinsa kaf ranar Litinin da yamma, ya dasa, yana jiran ruwa da asubar Talata. Talata ta wuce. Laraba ta wuce. Ya riƙa jido da jarka daga babban kanal, ya ceci kunya biyu. Ranar Asabar ruwa ya iso, ya shayar da matattu.

Aka kira taro a ƙofar gidan mai unguwa. Da na yi shiru, da abin ya zo da sauƙi. A'a. Na miƙe na ɗora laifin a kan Ɗanlami, har ina ba su labarin yadda masu tsaron ruwa a Sudan ba sa wasa da rana. Sannan na sa aka turo kwamfutar a baro, aka ari janareto (ni na nemi a yi haka, babu wanda ya tilasta ni). Mutum kusan arba'in suka tsaya suna sauraron nishinta. Da ta tashi na buɗe kalandar, na nuna da yatsa.

"Ga shi. Talata, sha biyu."

Ɗanlami ya sunkuyo ya ƙura ido. "Alhaji, wannan lambar ta sama, wace shekara ce?"

Na duba. Harsuna huɗu a bakina, na rasa wanda zan amsa da shi.

Wani daga baya ya ce, "Ashe tun shekara tara aka sakar mana ruwan, mu ne muka makara!" Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, don Malam Sale bai yi ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Alhaji, ni ban iya karatu ba. Aka karanta mini, aka ce kai ka rubuta Talata."

Na zaga Kura da Madobi neman irin da zai sake dasawa, kowa ya riga ya dasa nasa. A makon ya tafi ci-rani Kudu, yana da shekara sittin, ya bar iyali ga ƙaninsa.

A makon nan dai na sayo sabuwar kwamfuta, mai saurin gaske. Na kuma koyi lokacin da ya kamata a sauya tsohuwa: ba ranar da ta ƙi kunnuwa ba, ranar da abincin wani ya rataya a kanta. Ilimin ya zauna mini sosai, sai dai ba ni na biya kuɗin makarantar ba.