Rasuwar Ƙararrawar Taron Safe

Da zuciya cike da baƙin ciki, da wata tambaya da ta hana shi sukuni, Shugaban masu rubuta manhaja na hawa na biyu yake sanar da rasuwar Alƙaliya, 'yar jar ƙararrawar girkin nan da ta yi shekaru tana raba wa mutane lokacin magana a taron safe. Tambayar kuwa ita ce: mutumin da ya ɗauke ka aiki ba ko takarda ɗaya a hannunka, da wane bakin za ka ce masa ya yi shiru? Shugaba yana nan yana juya ta ta kowace fuska.

Marigayiya ta zo wannan ofishi ne a aljihun Baba, dattijon da ya kafa wurin kuma ya ɗauki Shugaba aiki, bayan ya ɗauko ta daga kicin ɗin matarsa ba da saninta ba. Shi ya kafa dokar da kansa: kowace safiya a tsaya a tsaye, a murɗa ta, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da abin da zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Tana tafiya ƙas-ƙas-ƙas a kan tebur, in minti biyu ya cika sai ta ce kirrr, mai magana ya haɗiye sauran.

Ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba. Ta katse Dogo mai rubuta manhaja a tsakiyar uzuri, ta katse Mai-zane a tsakiyar ƙorafi, ta katse Baba kansa a tsakiyar labarin kwamfutocin zamanin da, ya yi dariya ya ce, “Ta matata ce, halinsu ɗaya.” Ba wanda ya taɓa riƙe ta a zuci. Ita ke ɗaukar rashin kunyar, Shugaba ya tashi da mutuncinsa. Shi da ya koyi aikin nan shi kaɗai a gaban aron kwamfuta, yanzu ne yake tambayar kansa ko shi ke shugabancin, ko kuwa murɗa shugabar kawai yake yi.

Ciwon ajalinta ya fara ne sannu a hankali. Baba ya soma ɗaukar ta a hannu in layi ya zo kansa, wai don ya ji ɗuminta. Yana magana, babban yatsansa yana mayar da ita baya kaɗan-kaɗan. Kowa ya gani. Dogo ya taɓo Shugaba ya ce, “Oga, wai ba ka ganin magudi?” Shugaba ya ce mai doka ai ya fi kowa sanin faɗinta. Muryarta ta dishe, ta koma ƙas, shiru, ƙas. Ranar da ta cika, Baba yana tsakiyar magana, aka yi ta jiran kirrr har shayi ya huce. Mai gyaran agogo ya buɗe cikinta ya girgiza kai, ya ce sifirin ɗin da ke juya ta ya tsinke, irinsa kuma an daina yi.

An gwada ƙararrawar waya. Baba ya ce, “Ɗana, wayarka na kuka, kashe ta ina magana.” An sayo sabuwar ƙararrawa, ya dube ta ya ce bai san iyayenta ba. Tun daga ranar nan taron tsaye ya zama na zaune, na safe ya kai azahar. Dogo ya roƙi Shugaba ya buɗe baki. Ya ƙi. Ya ce gara a ce ya kasa aiki da a ce ya yi butulci.

Marigayiya ta rasu ta bar farin allo cike da aikin da ba ya motsi. Ta bar Dogo, wanda ya koyi barci ido buɗe. Ta bar manhajar layin marasa lafiya da wani asibiti ke jira ƙarshen watan nan, sun kuma faɗa ƙarara cewa in aka sake ɗagawa za su nemi wasu, ranar kuwa ba Shugaba, ba Dogo, ba hawa na biyu. Ta bar Mai-gwaji, mai binciko kurakuran manhaja, wadda ita ce ta ƙarshe a layin magana, wadda kullum take ɗaga hannu tana cewa, “Oga, akwai abin da na gani,” kullum kuma taro ya watse layi bai iso kanta ba. Ta aika masa a rubuce, ya ce irin wannan sai kowa na nan. Kowa na nan kullum. Lokacin ne ba ya nan.

Za a yi jana'iza gobe da safe a ɗakin taro. Za a naɗe ta a ƙyallen goge allo, a sa ta a durowar ƙasa, kusa da matattun caza. Ba a buƙatar zaman makoki, an zauna ya isa.

Ana cikin rubuta wannan sanarwa Baba ya jawo kujera, ya ce zai so ya yi ɗan jawabi a kan marigayiya, gajere ne, bari ma ya gwada shi yanzu kowa ya ji. Ya fara daga ranar da ya auri mai ita. Mai-gwaji tana bakin ƙofa da kwamfuta a buɗe a hannu. Shugaba ya dubi tebur, inda babu mai cetonsa. Ya miƙe tsaye.

“Baba,” ya ce, “ya isa haka. Lokacinka ya cika.”

 Baba ya dube shi, sannan ya gyara zama.

“Muryarka ba ta kai tata daɗi ba,” in ji shi. Ya juya wajen ƙofa. “Ke 'yata, me kika gani?”