Kwana Arba'in a Kan Ƙanƙarar da Babu

Ranar Talata na faɗa teku har ƙirji, kuma bari in fara da wanke hukuma, laifina ne. Takardar da aka manna a ƙofar kanti ta ce tun sha biyar ga Janairu ruwan gaban ƙauyenmu ya daskare, an buɗe hanya. Na je na caka sandar gwaji, suka ɗaya ta huda. Mahaifina ya koya mini ba a taka ƙanƙara sai ta sha suka uku ba ta huje ba, amma mahaifina ba shi da hatimi. Sai na taka.

Maƙwabcina Enok ne ya jawo ni da igiya. Mutumin kirki ne, bai yi dariya ba sai da ya tabbatar ina numfashi.

"To, yaya ka samu hanyar manya?" in ji shi.

"Lafiya lau, sai dai ta ɗan jiƙe."

"Kai dai ka tsufa ba ka yi hankali ba. Taso mu je kafin ka zama ƙanƙarar da ake nema."

Ba wauta kaɗai ta kai ni ba, karnuka goma sha biyu gare ni. A nan arewacin Girinlan su ke jan keken mutum, irin mai sulɓi mara taya, a kan daskararren teku, ya haƙa rami, ya zura ƙugiya, ya ci kifi shi da su. Ina yaro tun Nuwamba muke fita, sai Yuni mu dawo tudu. Yanzu ƙanƙara sai Fabrairu take leƙowa in ta ga dama, kafin ka gyara igiya ta tafi. Su kuwa karnuka ba sa sauraron labarin ɗumamar duniya, kullum sai sun ci. Matata Bolethe ta duba rumbu ta ce abincinsu ba zai kai mako biyu ba. Kowa a garin nan ya san abin da ake yi a bayan dutse da bindiga idan abinci ya ƙare.

Amma manyanmu ba sa barci. Sun fito da tallafin abincin karnuka, fom shafi huɗu, sharaɗi ɗaya tak: ka nuna ka yi kwana arba'in a kan ƙanƙara bana, don a tabbatar karnukanka na aiki ne ba na ado ba. Na sami akawun da ke karɓar fom ɗin.

"Ranka ya daɗe, ai ƙanƙarar ce babu."

"Shi ya sa aka kawo tallafin."

"To ina zan samo kwana arba'in?"

"A kan ƙanƙara mana, Baba. Ga shi a rubuce."

Na yi masa godiya na fito. Ilimi irin wannan sai an je babban birni.

Ranar Alhamis kuma Mai Girma Sarkin Yanke Kirtani ya sauka da jirgi mai saukar ungulu. Ya zo buɗe dandamalin katako da aka gina domin baƙi su tsaya su kalli yadda tsaunin ƙanƙarar bayan garinmu ke narkewa. Shekara shida aka yi ana ginin. Tsaunin kuwa, da yake ba shi da ladabi, bai jira ba, ya ja baya ya sha kwana ya ɓace. Muka hau dandamalin, muka kalli tsakuwa da ruwan laka. Mai Girma ya nuna inda tsaunin yake a da, ya ce zuciyarsa ta karaya, sannan ya yi mana albishir da dandamali na biyu. Muka tafa.

"Kafin su gama shi," Enok ya raɗa mini, "sai dai su saka masa taya."

Da aka zo hoto aka ce ana son karnuka, aka ɗauki nawa. Muka kwaso 'yar dusar ƙanƙara da shebur muka watsa a ƙarƙashin keke, Mai Girma ya zauna ya riƙe bulala ta baya. Na matsa kusa da akawu na tambaya ko za a saka mini yau cikin lissafin kwanakin. Ya je ya yi shawara, ya dawo fuska a sake: rabin kwana, tunda a kan tsakuwa ne. Saura talatin da tara da rabi ke nan.

Ranar Asabar na ɗauki bindiga, na kwance karnuka biyar. Da tsohuwar jagorarsu a ciki, wadda ta taɓa kawo ni gida cikin guguwa ina rabin suma. Tana ganin na taɓa igiya ta hau tsalle, ta ɗauka fita za mu yi. Bolethe ta rufe ƙofa ta ƙure rediyo. Na yi kuka a bayan dutsen nan, kuma ba na jin kunyar rubuta shi a jarida.

Jiya Litinin akawu ya aiko mini da wasiƙa. Saboda koken jama'a, an soke sharaɗin kwana arba'in gaba ɗaya. Yanzu abin da ake buƙata kawai mutum ya mallaki karnuka aƙalla takwas. Nawa bakwai ne. Na duba kwanan watan wasiƙar, tun Laraba aka sa mata hannu. A jirgin Mai Girma ta zo, sai dai ranar biki ba a raba wasiƙu.

Enok ya ce kada in damu, zai ara mini ɗaya ranar ƙirga. Shi ma nasa bakwai ne suka rage. Don haka ina roƙon masu girma alfarma ɗaya kacal: mai ƙirgan nan, don Allah kada ya zo mana rana guda.