Rasuwar Faifan Cleophus Tarver

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da ya fi baƙin cikin yawa, dattijo Cleophus Tarver na arewacin birnin Philadelphia yana sanar da rasuwar faifansa na garmaho, ranar Lahadi, yana da shekara arba'in da tara.

An haifi marigayin a situdiyon da Cleophus ya yi shekara goma sha ɗaya yana busa ƙaho. Su talatin ne makaɗan gidan. Kowane mawaƙi ya zo su yi masa kiɗa, ya tafi da suna, su kuma su koma gida a bas. Sau ɗaya aka bari suka yi faifan kansu, shi ma ba a rubuta sunan kowa a kwalinsa ba.

Marigayin shi ne bugun gwaji, guda ɗaya tak. A waƙa ta uku ganguna kan lafa, sai a ji ƙahon Cleophus shi kaɗai, "paa-ra-raa", minti guda cur. Kafin a kai kasuwa masu kamfani suka yanke wurin, wai ba ya rawuwa a gidan rawar disko. Duk sanda tsofaffin da ke hira a shagon aski suka ce, "Cleo, rage ƙarya, jaka kawai kake ɗaukar musu," sai ya ɗauko marigayin a ɗora masa allurar garmaho, kowa ya ji ƙahon da kunnensa.

Bai yi jinya ba. Yolanda, matar ɗan Cleophus, ta gani a waya ana narka tsofaffin faya-fayai a obin na gasa abinci ana mai da su kwano. Duk na gidan sai ta zaɓi marar hoto, a wayonta shi ne na banza. Minti huɗu a obin, ya cika. Bayan an taso coci aka zuba soyayyen dankali a gawarsa aka kawo wa baƙi. Cleophus ba ya ɓoyewa, shi ma ya ɗiba sau biyu kafin ya hango rubutun hannunsa a gindin kwanon.

"Haba Baba, ai duk yana cikin waya," in ji Yolanda. Ta kunna masa waƙa ta uku. Aka zo wurin aka wuce, babu ƙaho. Sai ta ce ko tsufa ne ya rikita shi.

Marigayin ya bar kwali fari, allura ɗaya, da makaɗa biyu cikin talatin, ɗayansu bai san ko sunansa ba yanzu.

Za a binne shi ranar Asabar, ƙarfe goma na safe, a bayan gida kusa da tumatir. Ba a son furanni. Ba za a ba da abinci ba, an ci isasshe. Mutanen shagon aski su zo dukansu. Haƙoran Cleophus shida suka rage, amma zai fito da ƙahonsa ya busa mintin nan da kansa. Yolanda za ta tsaya a gaba har ya gama.