Yadda Ake Gyaran Janareta a Gaban Suruki Ba Tare da an Iya Ba

Idan wutar janaretan motarka ta yi ƙasa kana tsakiyar tafiya, surukinka kuma yana zaune a gefe, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan shida daki-daki, na yi maka alkawari ba wanda zai gane ba ka san komai ba. An gwada su a kan mutum mai rai, maƙwabcina Ubaldo, mai shagon takalma a birnin Rosario, wanda kafin wannan tafiya babban aikin ƙarfen da ya taɓa yi shi ne buɗe gwangwanin kifi.

Ga abin da ya kai shi. Surukinsa Don Evaristo ya shekara talatin da takwas yana gyaran manyan motoci. Da hannunsa ya mayar da wata tsohuwar bas gida sukutum: gadaje huɗu, murhu, firji, banɗaki, da janaretan dizal a wani akwati ta gefe. Porota yake kiranta, kuma ya fi yi mata magana mai daɗi a kan mutane. Yanzu idonsa ya yi rauni, likita ya hana shi tuƙi, sai ya ce zai bar wa ɗaya daga cikin mazajen 'ya'yansa mata biyu ita. Ɗayan, Fermín, makanike ne, har ya fara zancen cire gadajen ya riƙa dakon kankana. Ita kuwa Nélida matar Ubaldo, a cikin motar nan ta yi duk hutun ƙuruciyarta, da ta ji zancen kankana kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Shi ya sa Ubaldo ya bugi ƙirji ya ce shi zai tuƙa su zuwa tsaunukan Jujuy don tsohon ya ga ya cancanci motar, ya ƙara da cewa ai inji ba baƙonsa ba ne.

1. Kada ka yarda akwai matsala

Da hantsi suka tsaya a bakin wani filin gishiri da ke can ƙololuwar tsaunukan. Nélida ta jona butar lantarki don ruwan mate, shayin ganyen da suke sha. Ƙwan fitila ya yi ja, firji ya fara nishi, janareta ya shiga tari yana aman baƙin hayaƙi.

"Mai tumbi, wutar nan fa ta yi ƙasa," ta ce wa mijinta.

"Haka take yi in tana hutawa."

Ka ga amsar gwani. Ba ta da ma'ana, amma an faɗe ta da sauri, kuma da yawan ilimin duniya iyakarsa kenan. Idan kanka yana sarawa, numfashinka yana sama-sama kamar na Ubaldo a safiyar nan, ka ce yunwa ce.

2. Nemo mai laifi, wanda ba ya kusa

Fara da gidan man da kuka sha dizal jiya, ka ce sun haɗa da ruwa. In ba a kula ka ba, koma kan butar, ka ce cin wuta gare ta. Ubaldo ya wuce nan, ya tuna wa kowa cewa Fermín ya jingina da motar ranar Lahadi, daidai saitin akwatin janareta.

Don Evaristo yana kan kujerarsa ta naɗi, ƙoƙon mate a hannu ba ruwa, ya ba rana fuska. Bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi zagi ciwo, amma kai dai kada ka kalli wajensa.

3. Fito da kayan aiki, duka

Baje su a kan buhu, sifana da sukudireba da filaya, har wanda ba ka san amfaninsa ba, musamman ma shi. Tsoma sandar auna mai ka ɗaga ta sama ka ƙanƙance ido. Ƙwanƙwasa tanki. Kara kunne ka ce, "Uhm." Taɓa kowace waya sau ɗaya, ka duba fis, ka ja bel ka sake shi. Ambaci sunan abu da ƙarfi don suruki ya ji. Ubaldo ya zaro matatar iska ya hura mata baki, ƙurar garuruwa biyar ta dawo masa fuska. Ya mayar, ya tayar da injin, wutar tana nan jiya-i-yau.

4. Abin da ba ka gane ba, kwance shi

Nan ake bambanta maza. Mutum ba ya zama abin tausayi muddin hannunsa da baƙin mai. Kwance matatar dizal, kwance bututun, cire murfin, cire abin da ke bayan murfin. Zuba notuna a farantin cin abinci. Kafin azahar Ubaldo ya mayar da janareta gunduwa-gunduwa a kan gishiri, kuma dole a yaba masa, daga lokacin ba wanda ya sake cewa wuta ta yi ƙasa, don babu ita gaba ɗaya.

Nélida ta tsuguna kusa da shi, ta yi ƙasa da murya.

"Naman firji ya fara zufa. Ubaldo, in ba ka iya ba, ka faɗa wa Baba."

"In na faɗa masa ya ba Fermín. Kina so ki ga gadon da kika kwana a kai cike da kankana?"

Ta dafa kafaɗarsa ta tashi. A nan ne tsoro ya kama shi na gaske. Ba kunyar kansa yake ji ba, ita yake ji wa, don ya yi mata alkawari kuma ga alkawarin a warwatse a cikin faranti.

5. Kada ka saurari 'yan gari

Ba su da takarda, ba su da sifana, zaman wajen kawai suka yi shekara sittin. A bakin hanyar akwai wata tsohuwa, Doña Casilda, mai gasa gurasa da cukun akuya a kan garwashi. Ta daɗe tana kallo, har ta gaji ta tako da gurasa biyu a takarda.

"Ɗana, daga ƙasan tsauni kuke ko?"

"Daga Rosario, Inna. Ƙaramar matsala ce, na kusa gamawa."

"Na ga alama. Baƙin hayaƙi ya yi maka da tari?"

"Ya ɗan yi."

"To lafiyarsa ƙalau. Iskar saman tsaunin nan ce ba ta ishe shi ba, shi ma numfashi yake yi. Dubi kai kanka, sifana kawai ka ɗaga kake haki kamar ka yi dambe. Ku gangara garin Purmamarca zai warke da kansa. Kusan kowane mako sai wani baƙo daga ƙasan tsauni ya baje nasa a nan, amma naka ya fi na kowa yawan gunduwa." Ta miƙa masa ganyen koka. "Tauna, kanka zai sake ka. Da injin yana da baki da shi ma na ba shi."

Abin da ya dace a nan shi ne ka yi murmushi ka ce dama gwada ta kake yi.

6. In asiri ya tonu, ka dage

Wannan ne matakin da Ubaldo ya watsa min ƙasa a ido, kuma har yau ban gama yafe masa ba. Maimakon ya dage, sai ya goge hannu a wando, ya je gaban kujerar surukinsa ya tsaya.

"Baba, ban san komai a kan injin nan ba. Ban taɓa sani ba. Na kwance lafiyayyen janareta, kuma ban san yadda ake mayar da shi ba."

"Tun tarin farko na ji iska ce," in ji tsohon.

"To me ya sa ba ku hana ni ba?"

"Shekara ashirin ba hannun da ya shiga cikinsa sai nawa. Na ce wa Fermín ya buɗe ya gani, ya ce a jefar a sayi sabo. Kai ka buɗe. Buɗewar jaki dai, amma ka buɗe. Matsa min da kujerar nan kusa da injin. Ni zan taɓa, kai ka gani."

Awa uku suka yi. Tsohon ya lalubi abu ya faɗi sunansa, Ubaldo ya nemo raminsa ya ɗaure, in ya ɗaure a karkace a buge masa hannu. Da suka rufe murfin, Ubaldo ya leƙa faranti.

"Baba, noti uku sun rage."

"Uku kacal? Ni bakwai suka rage min ranar farko." Don Evaristo ya laluba ya kwashe su, ya zuba masa a tafin hannu ya dunƙule. "Sa su a aljihun gaban mota, nawa suna can. Motarka ce, gara ka fara sanin inda komai yake."

Nélida tana bakin ƙofa, ta ji. Ta koma ciki ta yi kukanta na murna son ranta, sannan ta fito ta ce hayaƙin garwashi ne. Da la'asar suka gangara, kafin su gama fakin a Purmamarca ƙwan fitila ya yi fari tas, butar tana feɗuwa.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba shi da hannu a duk janaretan da aka kwance, ko naman da ya yi wari, ko auren da ya girgiza. Wanda ya bi matakan nan shi ya ga dama. Kuma ban taɓa cewa kowane suruki Don Evaristo ne ba. In naka ya yi shiru yana kallon rana, ta yiwu koyar da kai yake yi, ta yiwu kuma lambar wayar ɗaya surukin yake ƙoƙarin tunawa.